Makaɗan Biki a Kano: A Koma Jinga, a Fitar da Haƙƙin Mai Waƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da kusan kowane gida a birnin Kano yake cin moriyarta a ranar farin cikinsa, amma ba kasafai ake jin ta bakin masu yin ta ba. Ina nufin sana'ar makaɗa da mawaƙan da ake gayyata wuraren biki, musamman irinmu da yawancin abin da muke rerawa ba mu muka ƙirƙire shi ba, waƙoƙin wasu ne, na magabata da na 'yan zamani, muke ɗaukowa mu raya su a gaban jama'a. Ni makaɗin fiyano ne, kuma ina jagorantar wata ƙaramar ƙungiya da ke zuwa wuraren kamu da wuni da dina a cikin birni da kewaye. An daɗe ana tattauna batun shagulgulan biki a gidajen rediyo da shafukan jaridu, malamai sun faɗi nasu, hukumomi sun faɗi nasu, an kuma ji ta bakin masu ɗakunan taro, amma mu da muke tsaye a bayan lasifika ba a tambaye mu ba. Abin da nake so in faɗa shi ne, ya kamata a daina barin abincin makaɗi a hannun liƙi, a mayar da shi jinga sananniya wadda aka daidaita a kanta tun kafin ranar biki, sannan a ware wani kaso da zai isa hannun wanda ya ƙirƙiri waƙar ko magadansa.

Rera waƙar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba alamar kasawa ba ce, domin ta haka ake koyon sana'ar tun asali. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, daga nan ya zama ɗan amshi, ya yi shekara da shekaru yana maimaita baitocin ubangidansa har su zauna masa a ka, kafin a yarda ya ja waƙa shi kaɗai a gaban mutane. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya kafa nasa rukunin, kuma bayan rasuwarsa a 1991 zuriyarsa ce ta ci gaba da rera waƙoƙinsa a fadoji da tarurruka. A nan Kano ma Nasiru, ɗan marigayi Garba Supa, ya ɗauki kukumar mahaifinsa ya ci gaba da ita. Abin da ya bambanta mu da waɗancan shi ne su ubangida ɗaya suke bi, mu kuwa tilas ne mu riƙe waƙoƙin mutane masu yawa a lokaci guda, saboda bikin Kano yakan tara kaka da uwa da 'ya da jika a wuri ɗaya, kuma kowace da abin da kunnenta ya saba da shi. Iyaye mata ba sa jin an yi biki sai an taɓa musu amada irin ta Hajiya Barmani Coge ko ta Hajiya Uwaliya. Dattawa maza, idan sun leƙo dina, kalangun Shata suke jira. Ƙawayen amarya da abokan ango kuwa sabuwar waƙar da ta fito daga sitidiyoyin Titin Gidan Zu suke so, wadda tuni suka haddace rawarta a TikTok. Idan kuma dangin ango Barebari ne ko Fulani ko Nufawa ko Yarabawa, to sai an yi musu nasu kiɗan, in ba haka ba su koma gida suna cewa ba a karrama su ba.

Mafi wahalar aikin shi ne sa sunaye a cikin waƙa, kuma a nan ne ake gane gwani. Uwar biki takan miƙo takarda mai ɗauke da sunayen waɗanda take so a ambata, wani lokaci ma sai an fara kiɗa takardar take isowa. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓoɓinsa kuma akwai masu nauyi akwai marasa nauyi, saboda haka gurbin da mai waƙa ya gina domin suna mai gaɓa biyu ba zai karɓi suna mai gaɓa huɗu ba sai an sake fasalin layin gaba ɗaya. Idan aka cusa sunan da ƙarfi, karin waƙar yakan karye, sunan ya fito a murguɗe, mai sunan ta ji kamar ba ita ake kira ba. Mawaƙi a tsaye yake yin wannan gyaran, makirufo na hannunsa, 'yan amshi na jiransa, kuma ba shi da damar ya ce a dakata ya yi tunani. Bayan wannan akwai sanin girma da matsayi: ba a ambaton ƙanwa kafin yaya, ba a yabon amaryar gida a tsallake uwargida, ba a cika dangin amarya da kirari a bar dangin ango suna kallo. Mawaƙin da bai iya wannan ba yana iya haddasa gabar da za ta daɗe a tsakanin gidaje biyu bayan an manta da abin da aka ci a wurin bikin. Akan kuma sami wadda za ta matso da kuɗi a hannu ta nemi a yi wa wata habaici a cikin waƙa, kuma makaɗin da ya san mutuncin sana'arsa yakan ƙi, ko da kuwa kuɗin sun fi abin da zai samu a daren duka.

Haka nan kayan kiɗan kansu suna da nasu hukuncin. Fiyano, irin Yamaha ɗin da ya mamaye sitidiyoyin Kano tun wajen ƙarshen shekarun 1990, sautukansa a tsaye suke, kuma kiɗan da ke cikinsa an riga an tsara shi, ba ya jiran kowa. Kalangu kuwa magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka yadda muryar mutum take yi, har mai saurare ya ji sunansa a bakin ganga. Shi ya sa duk ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta rabuwa da mai kalangu, ko da ta mallaki na'urori na zamani, domin waƙar da aka gina a kan kalangu idan aka ɗora ta a kan fiyano kaɗai takan fito ba rai. Ban raina aikin dije ba, shi ma neman halaliyarsa yake yi, kuma ya fi mu sauƙin kuɗi tun da mutum ɗaya ne da kwamfutarsa. Sai dai faifan da aka naɗa ba ya ganin cewa kakar amarya ta miƙe tsaye don a ƙara mata baiti, ba ya kuma sassautawa idan an ga ango ya gaji. Abin da nake ƙi shi ne mawaƙin da zai karɓi kuɗin kiɗa na kai tsaye, sannan ya sa faifai yana motsa baki kawai, domin wannan ha'inci ne ga masu biki, kuma yana zubar da darajar waɗanda suke kwana suna gwaji.

Yanzu ga batun kuɗi. A da, kyautar makaɗi takan zo ta fuskoki da yawa, riga ko hatsi ko doki, daga baya har mota da kujerar Makka, sanƙira yana shelanta sunan mai kyauta jama'a suna ji. A bikin talakawa kuma akan manna wa makaɗi kuɗi a goshi gwargwadon hali. Wannan tsari ya yi aiki a zamaninsa saboda makaɗi yana da ubangidan da ke ɗauke da nauyinsa, galibi yana da gonarsa, kuma kayan aikinsa itace ne da fata. Makaɗin biki na yau ba shi da ubangida, kuma kafin ya buga sauti ɗaya ya riga ya kashe kuɗi: hayar lasifika da makirufo da na'urar haɗa sauti idan ba shi da nasa, hayar a-kori-kurar da za ta kwashi kayan daga Fagge ko Gwammaja zuwa Hotoro ko Rijiyar Zaki ta kuma dawo da su cikin dare, da janareta da man da zai sha, tun da ba wanda zai dogara da wutar gari a tsakiyar taro. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, waɗannan kuɗaɗe sun ninka, kuma kayan gyaran na'urorin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A bayan mai ƙungiya kuma akwai mutum takwas ko goma, mawaƙa da 'yan amshi da mai kalangu da mai jita da yaran da ke ɗaukar kaya, kowannensu da iyalin da ke jiran cefane.

Duk da haka, har gobe akwai masu bikin da za su ce wa makaɗi, "Ku dai ku zo, akwai manyan mutane, za ku sami liƙi," sannan su ba da abin da bai wuce kuɗin mota ba. Ma'anar wannan ita ce an ɗora wa makaɗi asarar duk abin da ka iya faruwa alhali ba shi da iko a kan ko ɗaya. Idan ruwan sama ya sauko mutane suka ƙi fitowa, shi ne a ciki. Idan amarya ta makara a wurin kwalliya har lokacin rufe ɗakin taro ya gabato, aka taƙaita fili aka ba masu jawabi, shi ne a ciki. Idan manyan mutanen da aka yi alkawari suka aiko da uzuri, shi ne a ciki. Ko an yi liƙin ma ba a rasa rigima a kansa, domin abin da aka zuba wa amarya da ango nasu ne, abin da aka zuba wa uwar amarya ƙawayenta ne ke tattarawa, mai gabatarwa yana ganin yana da rabo, ga kuma yaran da ke kutsawa tsakanin ƙafafun mutane suna tsincewa. Telan da ya ɗinka anko, da mai girki, da mai lalle, da mai kwalliya, da mai hoto, da mai ƙawata ɗakin taro, kowannensu ya san kuɗin aikinsa kuma ya karɓi kafin alƙalami tun makonni kafin biki. Makaɗi kaɗai ake cewa ya zo ya gwada sa'arsa.

Sannan liƙin kansa ya zama abin da doka take hukunci a kansa. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya bayyana watsa takardun naira a wurin shagali, da taka su, da rawa a kansu a matsayin wulaƙanta kuɗin ƙasa, ya kuma tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Sashen ya haramta har sayar da takardun naira, wato sana'ar masu kawo sababbin kuɗi bakin ɗakin taro. Shekaru da yawa dokar tana kwance ba a waiwaye ta ba, amma daga 2024 hukumar EFCC ta tashi tsaye a kanta, kotuna sun ɗaure mutane a Legas da nan Kano, kuma yanzu duk mai hankali yana tsoron a ɗauke shi a waya yana liƙi a watsa a intanet. Tun kafin wannan ma mun ɗanɗana abin da ke faruwa idan tsabar kuɗi ta ɓace, a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira, sa'ad da mutane ke kwana a layin banki, aka yi ta bukukuwa ba mai ko takarda ɗaya ta liƙawa. Haka kuma a kullen korona na 2020 sana'ar ta tsaya cak. A kowace shekara ma akwai watan azumi da ba a shagali, sai cunkoson bukukuwa a Sha'aban da bayan salla da ƙarshen shekara, wanda da abin da aka samu a cikinsu ne ake cin sauran watanni.

Ba ina kuka da dokar ba ne. Ni kaina ba na jin daɗin ganin ana tattaka kuɗi da takalmi a garin da maƙwabcin ɗakin taron bai ɗora tukunya ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma sauyin da ya dace da mu shi ne jinga a rubuce. A takarda ɗaya a bayyana ranar biki da wurinsa, da ƙarfe nawa za a fara ƙarfe nawa za a tashi, da yawan mutanen da ƙungiya za ta zo da su, da wanda zai kawo janareta da mai, da jimillar kuɗin aiki. A biya rabi a matsayin kafin alƙalami, a cika sauran kafin a kunna na'ura, a kuma faɗi abin da zai faru idan an ɗaga biki ko an fasa, ko kuma idan makaɗin ne ya saɓa alkawari ya tafi wani bikin da ya fi tsoka, domin wannan ma yana faruwa kuma dole takardar ta kare masu biki daga gare shi. Wanda ya ji daɗin waƙa yana son ya yi kyauta, ƙofa a buɗe take: ya sa a ambulan, ko ya ajiye a faranti da mutunci, ko ya tura ta waya, sanƙira ya shelanta kamar yadda aka saba. Kyauta ta zama ƙari a kan haƙƙi, ba ita ce haƙƙin ba.

Ina so iyaye da malamai su lura cewa wannan gyara ba makaɗi kaɗai zai amfana ba. Yawancin abubuwan da ake kuka da su a wurin biki daga dogaro da liƙi suke tasowa. Makaɗin da bai san ko zai mayar da kuɗin mansa ba shi ne yake jan waƙa ɗaya har ta gundiri mutane saboda ya ga mai kuɗi a fili. Shi ne yake bin baƙi teburi-teburi da roƙo har ya kunyata wanda ya zo da kuɗin adaidaita sahunsa kawai. Shi ne yake zaɓar waƙar da ta fi tayar da hankalin matasa ko da kalmominta ba su dace da zaman iyaye ba, kuma shi ne ba ya son a tsaya idan an kira salla ko a tashi idan dare ya yi, alhali maƙwabta suna da marasa lafiya da yara masu zuwa makaranta da safe. Wanda aka biya shi kuɗinsa cif ba shi da dalilin yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma idan ya yi, uwar biki tana da bakin tsawata masa tun da akwai takarda a tsakaninsu. A 'yan shekarun nan Hukumar Hisba ta nuna rashin amincewarta da maza masu dije su riƙa shiga taron mata zalla. To idan ana son mata su riƙe kiɗan tarurrukansu, kamar yadda masu amada suka riƙe shi da ƙwarya tun kaka da kakanni, sai sana'ar ta zama mai ciyar da mai ita, domin a halin yanzu matan da ke kiɗan wuni su ne suka fi kowa dogaro da liƙi, su ne kuma aka fi yi wa tayin wulaƙanci.

Ɓangare na biyu na maganata ya fi wannan nauyi a zuciyata, wato haƙƙin mai waƙar. Duk daren da muka yi kiɗa aka biya mu, da basirar wani muka ci abinci. Wani ne ya zauna ya ƙago karin, ya tsara kalmomin, ya yi ta gyara har waƙar ta zama abin da mutane ke miƙewa tsaye idan sun ji farkonta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, ta ba mai waƙa ikon hana ko ba da izinin rera waƙarsa a bainar jama'a da sauya mata fasali, ta kuma ba shi haƙƙin a ambaci sunansa a kan aikinsa. Wannan kariya ba ta ƙarewa da mutuwarsa, tana ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen 2069. Hajiya Barmani Coge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos kuma a 2015, nasu wa'adin ya fi haka nisa. Ba dokar ƙasa kaɗai ce ta faɗi haka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Saɓanin malamai game da kayan kiɗa na malamai ne, ba hurumina ba ne, amma mu da muka riga muka ɗauki wannan a matsayin sana'a ba mu da hujjar cewa gumin wanda ya ƙirƙira ba shi da daraja.

Akan ce ai waƙar Hausa ta kowa ce. Wannan gaskiya ne game da waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na reno da waɗanda mata ke yi a wurin kai amarya, waɗanda ba wanda ya san wanda ya fara su, kuma doka ma ta ware irin waɗannan ta yi musu nasu tanadin dabam. Amma waƙar da aka san mai ita, aka naɗe ta da muryarsa, aka san 'ya'yansa da gidansa, ba ta kowa ba ce. Akan kuma ce ai rera waƙar mutum talla ce a gare shi. Wannan yana iya zama gaskiya ga mawaƙin da ke raye, wanda idan waƙarsa ta zagaya gidajen biki za a gayyace shi da kansa a biya shi da tsada. Wanda ya kwanta dama ba a gayyatarsa, kuma tallar ba ta sayen magani ga matar da ya bari. Abin da ya fi muni shi ne al'adar da ta yaɗu ta ɗaukar karin waƙar wani a shiga sitidiyo a zuba sunayen amarya da ango, a karɓi kuɗi masu kauri, a sa a YouTube da sunan wanda ya kwaikwaya ba tare da an ko ambaci mai asalin ba, alhali da yawa daga masu waƙoƙin nan suna cikin garin nan, kiran waya ɗaya ya isa a nemi izininsu a daidaita.

Matsalar ita ce ko makaɗi yana son ya biya, babu wata hanya mai sauƙi a gabansa, domin a dare ɗaya yana iya rera waƙoƙin mutum ashirin, kuma ba zai yiwu ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ba. Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Faransa, a 1847, wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na birnin Paris saboda ya ji ana rera waƙarsa a wurin ba da izininsa ba, aka je kotu ta ba shi gaskiya, kuma daga nan aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851 domin ta riƙa karɓar kuɗi a madadin masu waƙa. Ingila da Amurka suka kafa irin tasu, PRS da ASCAP, a 1914. Yadda abin yake tafiya shi ne wurin da ake taron ne yake sayen lasisi na shekara, kuɗin su taru a hannun ƙungiya, ita kuma ta raba wa masu waƙa gwargwadon yadda aka yi amfani da aikin kowa. A Najeriya ma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, akwai kuma ƙungiyar MCSN da hukumar ta amince ta yi wannan aiki a fannin waƙa. Abin da ya rage shi ne tsarin ya sauko har ɗakunan bikin Kano, da harshen da makaɗa da magadan mawaƙa suke ji, kuma a sa waƙoƙin Hausa da sunayen masu su a cikin rajista.

Shawarata ita ce a fara da manyan ɗakunan taro na haya, irin waɗanda ke Nassarawa da Bompai da sauran unguwannin da ake biyan kuɗi masu yawa kafin a sami rana. A ɗora wani ɗan ƙaramin kaso a kan kuɗin hayar, ko da 2 cikin 100 ne, mu ma makaɗa a cire irinsa daga jingarmu, dije ma haka, sannan bayan kowane taro shugaban ƙungiya ya rubuta jerin waƙoƙin da aka yi da sunayen masu su ya miƙa. Bikin da aka yi a tsakar gida ko a ƙofar gida, inda aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, a bar shi, kada a ɗora wa talaka wani sabon nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi na kayan ɗaki da gara. Tantance wace waƙa ce ta wa ba zai gagara ba, domin Rediyon Kano da Rediyon Najeriya na Kaduna suna da tsofaffin faya-fayai, malaman Hausa na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi sassauci a kansa ba, wato a riƙa bayyana abin da aka tara da wanda aka ba, magada su zauna a cikin kwamitin rabo, domin idan kuɗin suka maƙale a ofis, to an ƙara wa makaɗi haraji ne kawai ba a share wa kowa hawaye ba.

Kafin a kai ga wannan akwai abin da kowane mawaƙin biki zai iya farawa a bikin da ke gabansa ba tare da ya kashe ko kwabo ba: kafin ya ja waƙar wani ya faɗi sunan mai ita, idan ya rasu ya nema masa gafara jama'a su ce amin, kuma kada ya sauya kalmomin dattijo ya cusa batsa a cikinsu. Matasa da yawa da ke rawa a dina ba su san cewa karin da ke motsa su ya girmi iyayensu ba, kuma daga bakinmu ne kaɗai za su ji.

Ina kira ga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 kuma mawaƙa ke rajista a wurinta, da ta gayyaci shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa, da sarakunan makaɗan gargajiya, da matan da ke kiɗan amada, da masu ɗakunan taro, da wakilan Hisba, da na Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, da magadan manyan mawaƙa, a zauna tun kafin cunkoson bukukuwan Sha'aban mai zuwa. Abu na farko da nake fatan zaman zai fitar shi ne samfurin takardar jinga mai shafi ɗaya, da Hausar boko da ta ajami, wadda uwar biki da makaɗi za su iya karantawa su sa hannu ba sai sun nemi lauya ba. Idan an fitar da ita, ina roƙonka, ya Edita, ka buga ta a wannan jarida yadda kowa zai iya yanka ya ajiye, ka kuma tura wakilanka Funtuwa da Maradun da Jos da cikin birnin nan su ji daga bakin iyalan mawaƙan da muke rera waƙoƙinsu yadda suke so a isar musu da rabonsu.

Wassalamu alaikum.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
Wani makaɗin biki,
Fagge, Kano.